Komai a Wuri Ɗaya

Da tela ya san abin da zai faru kafin azahar, da bai bar kwamfutar nan ta fita daga shagonsa ba. Amma ya bari. Da hankalinsa ya ƙi kwanciya, sai ya rufe shago ya biyo 'yarsa Auta zuwa ajin da take koyon harhaɗa manhaja.

A hanya ya cim mata, ta sake yi masa bayani. "Baba, kamar ɗinki ne. Wasu riga ɗinkakkiya suke saye. Mu kuwa rubutun da aka tsara manhajar da shi muke saukewa, mu sa kwamfuta ta ɗinka mana."

"To, ɗinkinku dai ya yi nesa da nawa."

Nasa ɗinkin kayan makaranta ne na yara ɗari da arba'in. Sati biyu ya yi yana durƙuso yana auna kafaɗa da hannu da ƙugu. Tun bara da ruwa ya ci masa littafin awo ya koma zuba awo a kwamfuta, ya yar da takardun. Yanzu yaran sun watse hutu, kuma ranar komawa ake son kayan.

Tela yana da doka ɗaya a rayuwa: komai a wuri ɗaya. Almakashi da alli da tef, aljihun tebur ɗaya. A kwamfuta ma folda ɗaya gare shi. Jiya da Auta za ta buɗe sabuwa don aikinta, hana ta ya yi. "Kada ki cika min na'ura da lunguna. Zuba a tawa, inda idona zai gani."

Ajin yana saman shagon masu facin taya. Tun daga matakala warin roba da na kifi suka tare shi. Malamin, wanda ɗalibai ke kira Injiniya, yana zaune da gwangwanin kifi a buɗe, yana dangwala burodi a man. Ƙudaje sun yi taro a bakin gwangwanin. In ya lashe yatsu sai ya goge a labule, labulen kuwa duk ya yi baƙi daidai tsayin hannunsa. Tela ya zauna a bencin baya, a gefen da ya fi dama-dama.

"Ku kwafi abin da ke allo," in ji Injiniya, baki cike. "Ku manna, ku danna. Ba na son tambaya."

Tela bai yi zurfi a boko ba, amma ya koyar da mutane ɗinki. Bai taɓa ba wani almakashi ba kafin ya nuna masa dalilin kowane layin alli. 

Rubutu ya yi ta gudu a allon kwamfutar da ke gaban Auta, sannan ya tsaya cak. Ta matso tana karantawa da yatsa.

"Malam, ta ce akwai wani abu da take buƙata, ba mu saka ba tukuna."

"Iye! Har kun fara hira ke da na'ura?" Wasu suka yi dariya. Injiniya ya taso yana sakatar haƙori da farce. "Nan ba ajin karatu ba ne, 'yammata. In abu ya ƙi, sharewa ake a sake. Kawo."

Ya jawo kwamfutar. Tela yana kallon yatsun nan masu maiƙo suna sauka a kan maɓallan da yake gogewa kullum da ƙyalle mai laushi.

"Malam, tsaya! A foldar Baba muke..."

Ya riga ya danna. Auta ta fizge kwamfutar, ta danne maɓallin kashewa har allon ya yi duhu.

Tela bai san lokacin da ya miƙe ba. "Me ya share?"

"Duk abin da ke cikin foldar."

"Taki?"

Ta sunkuyar da kai. "Babu tawa, Baba. Guda ɗaya ce."

Injiniya ya yi tsaki. "Wane irin sakarai ne zai zuba kayan aiki a kan kayan wani? Ko ɗan yaye ya san ba a haka."

Tela ya buɗe baki. Tun shigowarsa yake tara wa mutumin nan maganganu, amma ɗaya ce kawai ta fito.

"Ni na sa ta," ya ce.

Ya zaro guntun yadi daga aljihu ya shiga goge maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Warin kifin ya ƙi fita.

"Kada ka kunna, Baba," in ji Auta. "Abin da aka share ba ya tafiya nan take, sai an rubuta wani a kansa. Akwai manhajar da ke tono shi, amma sai na haɗa ta a wata kwamfutar."

Wata ɗaliba mai tabarau, sa'ar mahaifiyar Auta, ta turo mata tata. "Ungo, 'yata. Ni ma na gaji da manna abin da ban sani ba."

Auta ta sauke rubutun manhajar. Kafin ta taɓa komai ta buɗe sabuwar folda, fanko, sannan ta waiwayo.

"Buɗe goma ma," in ji tela.

Aiki ya fara, ya tsaya. Auta ta karanta ƙorafin na'urar a fili, mai tabarau na biye da ita, suka saka abin da ya rage, suka sake. Ɗalibai uku suka jawo kujeru kusa. Injiniya ya koma kan gwangwaninsa.

Tela ya zauna rungume da kwamfutarsa a kashe, yana ƙoƙarin tuno awo da ka. Dogon yaron nan mai hannu ashirin da biyu. Tagwayen da ƙugunsu bai zo ɗaya ba. Wata 'yar ƙarama mai jin cakulkuli. Huɗu ke nan, saura ɗari da talatin da shida.

Rubutu yana ta gudu a allon kwamfutar mai tabarau, bai tsaya ba tukuna. Ko awon yaran yana nan a cikin abin da tela ya rungume, ko ya tafi ke nan, babu wanda ya sani a ɗakin.