Harafi Ɗaya

Tsohon ya zuba wa robar ƙarin ruwa ido kamar shi aka ba gadinta. Kwana uku ke nan ciwon sikila ya kwantar da jikarsa, wadda yake tsokana da suna amarya. Mahaifiyarta, Auta, ta shigo da farar rigar ɗakin gwaje-gwajen asibitin a jikinta, ta zauna a bakin gado.

"Auta, ki yi mini bayanin da tsohon akawu zai gane," in ji shi. "Me ya sami jininta?"

Ta juya bayan takardar magani, ta zana da'ira.

"Baba, kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da rubutun da muka gada. In za ta gina furotin, wato sinadarin da ke yi wa jiki aiki, sai ta kwafi layi ɗaya, ta karanta shi haruffa uku-uku. Kowane uku su kira tubali ɗaya, a jera su, furotin ya tashi. A layin na jini harafi ɗaya ya canza, aka ɗauko tubalin da ba shi ba."

Shekara talatin ya yi yana buga tafireta, ya san ɓarnar harafi ɗaya.

"Daga ina ta samo shi?"

"Ɗaya daga babanta, ɗaya daga gare ni. Ni kuma daga wurinka, ko wurin Mama."

Mama ta shekara biyu da rasuwa. Washegari tsohon ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa.

Auta ce ta yi gwajin. Jininsa lafiya lau, babu harafin. Ta rufe ambulan ta kai masa. Ya sa tabarau, ya karanta sau biyu a bakin taga, ya ninke takardar ya tura aljihu.

"Harafin nawa ne," ya ce. "Ni na ba ki."

Ta dube shi. Sa hannunta ne a ƙasan takardar, kuma ta san ya gani.

"Baba, ai gado ba laifin kowa ba ne."

"Na sani. Amma in za a ɗora wa wani, ga ni nan da raina. A bar mamanki ta huta."

Auta ta sunkuyar da kai, ta ce to.

Yarinyar ta motsa, ta ce ƙishirwa take ji. Tsohon ya riga Auta kai hannu kan kofin.