Na Zaga Duniya a Farantin Magdalina

Ban taɓa wuce Kaduna ba a rayuwata, amma a daminar shekarar 2006 na ci abincin ƙasashe sun fi goma, ina zaune a bakin gadon maƙwabciyata. Ba da alfahari nake faɗa ba. Da ana iya amayar da abin da aka ci shekaru baya, da tuni na yi.

Gidan haya muke a unguwar Sauka Kahuta, ɗaki shida, rijiya ɗaya. Sunana Rahmatu, kitso nake yi a tsakar gida, amma kowa Maman Hidaya yake ce mini. Ɗakin da ke kallon nawa na Baba Gaiya ne da matarsa Magdalina, Kiristoci ne daga kudancin Kaduna, 'yarsu ɗaya tana aure can Fatakwal. Shekara tara muna tare. Ita ta yi mini wankan jego da uwata ta kasa zuwa, don haka Mama nake ce mata, kuma har zuciyata nake faɗa.

Baba Gaiya tsohon kuku ne. Tun yana saurayi yake kicin ɗin baƙi: ya dafa wa malaman makaranta 'yan Indiya, ya dafa wa wani ɗan Labanan mai kwangilar titi, ya yi da Turawan Italiya a wajen Shiroro, ya yi da likita ɗan Masar, daga ƙarshe ya yi da 'yan China masu gyaran layin dogo. Da suka tafi sai aiki ya ƙare, ya dawo gida ya zauna yana sauraron rediyo. A gidansa kuwa ban taɓa ganin ya ɗaga ko ludayi ba. Tuwon Mama yake ci kamar kowane namiji, yana ƙorafin gishiri.

Ciwon Mama da shaƙewa ya fara. Ta ci tuwo ya tsaya mata a ƙirji, sai ta bi shi da ruwa. Da abin ya yi yawa suka je asibiti, ni ma na raka su. Likitan ya yi bayani dalla-dalla, har da zane a takarda. Ya ce wani abu ne ya tsiro a hanyar abinci yana matse ta. Ya rubuta magani na sati shida, sannan ya ɗaga yatsa ya ce wa Baba Gaiya, "In tana ci, ku ci gaba da magani har lokacin ya cika. Amma ranar da abinci ya daina wucewa, kada ku kwana, ku dawo da ita mu tura ku Zariya a yi aiki tun tana da ƙarfin jiki. Ka ji ni, Baba?"

"Na ji, dokta," in ji shi. "Cin abinci kuma ai aikina ne."

Washegari sai ga tsoho ya fito da farar riga mai maɓalli biyu-biyu da ban taɓa gani ba, ya ɗaura farin ƙyalle a ƙugu. Ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, cike da wuƙaƙe da kwalabe da farantan tangaran. Ya zuba yashi a babbar tukunya, ya ɗora a kan gawayi, ya zuba wani gawayin a kan murfi, wai abin gashi ke nan. Matan da ke jiran kitso suka yi ta dariya. Kafin azahar dariyar ta ɗauke, don ƙamshin da ya cika gidan ba wanda hancinmu ya sani ba ne.

Ga inda matsalar take. Kuku irinsu ba ya tsayawa a kan mai cin abinci. Haka aka koya masa tun yana ɗan shekara sha shida: ka jera tire, ka kai, ka ajiye, ka fita ka ja ƙofa. Ba a kallon bakin oga, ba a tambayarsa ko ya yi daɗi. Faranti ne ke dawowa da labari. In ya dawo wayam, an yaba maka. In ya dawo da saura, ka san ka yi kuskure, gobe ka gyara. Shekara arba'in yana wannan aiki, har ya zama masa jini da tsoka. Sai ya ɗauki matarsa ta aure ya mayar da ita madam. Ya kai mata tire da cokali naɗe a ƙyalle, ya ce, "A ci lafiya," ya fito ya zauna a ƙofar gida da rediyonsa, ba zai koma ba sai bayan awa guda.

A rana ta uku Mama ta ɗaga labule ta yafito ni. Na same ta zaune a gado, tire a cinya. Shinkafa ce doguwa, launin rawaya, da kaza da aka dafa cikin kindirmo da kayan ƙamshi. Cokali biyu kawai aka taɓa.

"Maman Hidaya, ki taimake ni," ta ce. "Ki ɗan rage shi kaɗan. Naman daga wajen Badaru mahauci ne, ba abin da zai hana ki ci."

"Mama, ba ya wucewa ne?"

"Yana wucewa, kaɗan-kaɗan. Yau ne dai ban ji daɗin jikina ba." Ta kalli ƙofa, ta rage murya. "Shekara talatin da takwas mutumin nan yana dafa wa matan wasu. Yau ya dafa mini. Kina so in mayar masa da shi a cike? Kin ga yadda yake tafiya kwana biyun nan? Kamar yaro."

Na kai loma ɗaya don in faranta mata. Wallahi ban san lokacin da na ga gindin faranti ba. Na yi ta surutu ina ci, ina ba ta labarin da ba ta tambaye ni ba, har ta yi dariya ta ce, "Santi dai, Maman Hidaya." Ni ma na yi dariya. Kaɗan ta ce in rage, ni kuwa na side har gefen farantin da yatsa.

Da Baba Gaiya ya fito da tiren, sai da ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga farantin sama ya nuna mini. "Maman Hidaya, kin gani? Indiya ce ta yi aiki! Gobe za mu je Labanan."

Haka muka fara yawon duniya. Kullum bayan azahar, in ya fita ƙofar gida, sai in sallami mai kitso in ce ina zuwa. Na ci wani farin wake da aka niƙa da riɗi da lemun tsami, ana dangwala da gurasa mai laushi. Na ci taliya mai faɗi kamar tafin hannu, an jera ta hawa-hawa da niƙaƙƙen nama da cuku, an gasa a tukunyar yashin nan. Cukun ma daga Abuja wani direba ya kawo masa. Na ci shinkafa da nama naɗe cikin ganyen kabeji, wai na Masar. Na sha miyar kaza da masara da aka kaɗa ƙwai a ciki ya zama zare-zare, na ci wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ɗanwake amma da nama a cikinsu, waɗannan na China. Akwai dankalin Turawa da aka tuƙa da man shanu da madara, akwai kifi cikin ruwan kwakwa. Mama kan faɗa mini sunan ƙasar da labarin ogan da ke son abincin, wanne ne mai faɗa, wacce madam ce ke ƙirga ƙwai. Ita kuma sai ta lasa cokali, ta riƙe abin a baki ta ji ɗanɗano, ta tofar a gwangwani.

Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani sarai. Ina wurin lokacin da likita ya ɗaga yatsa. A sati na biyu na ce mata, "Mama, gaskiya zan faɗa wa Baba." Ta kama hannuna, yatsunta kamar tsinken tsire, ta ce in na faɗa ba ta yafe mini ba. Ta ce ƙanwarta an shiga da ita ɗakin tiyata ba ta fito ba, ita ba za ta je Zariya a yanka ta ba. Ta ce maganin yana aiki, in ba ta sati ɗaya kawai. Na ba ta satin. Da ya ƙare ta sake roƙo, na sake ba ta. Na riƙa gaya wa kaina cewa amana ce, babba ta roƙe ni, ba na so in shiga tsakanin mata da miji. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba: da hantsi ya yi, ƙamshi ya taso daga tukunyar Baba Gaiya, yawuna tsinkewa yake yi, hannuna yana kan kitso, hankalina yana kan ko yau wace ƙasa ce.

Shi ma yana ganin ramar, ba makaho ba ne. Amma a gabansa tana kurɓar shayi da kunu mai ruwa, tana sa rigar sanyi a kan zane biyu. In ya yi magana sai ta ce ciwo ne ke cinye abincin. Sai ya dubi farantansa a wanke, jere a kan kwando, hankalinsa ya kwanta. Wata rana har ya tare ni a bakin rijiya yana neman shawara.

"Tana cinyewa tas, amma jiki bai karɓa ba. Ko in ƙara man shanu?"

Na ce, "Ƙara, Baba."

Ni kuwa a lokacin zanena ya fara matse ni. Matan gida suna tsokanata wai ko Hidaya za ta yi ƙani.

Ranar Talata ta sati na biyar, da safe, Mama ta kurɓi ruwa ya dawo ta hanci. Ta miƙe za ta fita, ta zube a bakin ƙofa. Da na ɗaga ta sai gabana ya faɗi, don na sha ɗaukar tulin wanki da ya fi ta nauyi. Muka samu tasi, muka nufi asibiti.

Likitan nan ne dai. Ya duba idonta, ya ja fatar hannunta ya saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ya juyo ga Baba Gaiya.

"Yaushe rabonta da abinci?"

"Jiya, dokta. Jiya ta ci kaza da miyar tumatir irin ta Italiya, ta cinye duka."

"Baba, matar nan ta fi wata ba ta haɗiyi abu mai ƙarfi ba."

"A'a, dokta, ba haka ba ne. Ni nake dafawa, ni nake kwashe faranti. Ko rana ɗaya bai dawo da saura ba." Ya juyo gare ni, yana neman shaida. "Maman Hidaya, ke kina gida kullum. Faɗa masa."

Mama tana kwance, idonta a rufe. Nas ta tsaya da allura a hannu tana kallona.

Na ce, "Ni nake ci."

Ba wanda ya yi mini tsawa, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Likitan ya cire tabarau ya murza ido. Aka sa mata ruwa leda huɗu cikin kwana biyu, aka sake ɗaukar hoto. A rana ta uku ya kira mu ofis ya ce hanyar ta toshe gaba ɗaya, abin ya bazu, kuma ko an kai ta Zariya babu likitan da zai sa wuƙa a jikin da ya ƙare haka. Baba Gaiya ya tambaya, da a ce sati uku baya aka kawo ta fa. Likitan ya ce Allah ne masani, amma da an gwada. Ya ce mu kai ta gida, a kira 'yarta, a riƙa jiƙa mata leɓe.

A tasin komawa kanta yana kan cinyata. Ruwa ake yi, direba yana ta zagin ramukan titi. Baba Gaiya yana gaba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Na yi ta shirya maganar da zan faɗa masa, cewa ita ta roƙe ni, cewa ta ɗaure ni da rantsuwa, cewa tsoron tiyata take yi. Duk na jera su a baki.

Da muka iso, maza biyu na gidan suka shiga da ita. Baba Gaiya ya tsaya a zaure, farar rigar nan ta jiƙe ta manne masa a ƙashi. Bai ɗaga murya ba.

"Ta ce ki cinye ne, Maman Hidaya?"

Na buɗe baki, duk abin da na jera ya watse.

"Ta ce in rage kaɗan, Baba."

Ya daɗe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Da kaɗan ɗin kika rage, da tun satin farko na gane."

Ya wuce ni ya shiga wajen matarsa. Mama ta cika ranar Lahadi da rana, ana tasowa daga coci, 'yarta tana mota a hanya ba ta iso ba.