Haƙorin Dauda da Alewar Finlan

Ranar Talata ce bayan saukowa daga Arfa, Makka ta yi zafin da ko ƙuda ba ya son tashi. Dauda na tsaye a tsakar gidansu a unguwar Utaibiyya da ɗan madubi a hannu, yana yi wa kansa murmushi. Da safen nan wani mutumin Bukhara a kasuwa ya sa masa haƙorin zinariya a gaba, abin da ya sha ɗaukar ruwa duk lokacin hajji don ya samu. Mutumin ya ja masa kunne cewa ƙaron bai kama ba tukuna, kada ya tauna komai sai gobe. Shi kuwa niyyarsa bayan la'asar ya bi ta ƙofar gidan su Shatu, yarinyar da yake nema, ya yi mata dariya.

Sai ga mahaifiyarsa Rumasa'u ta ce ya hau sama, baƙo na kira. Baƙon shi ne Alhaji Sabirjan, wani dattijo fari sol da ya kama ɗakinsu na sama, Musulmi daga wata ƙasa Finlan, inda aka ce rana kan ƙi faɗuwa. Jiya Rumasa'u ta aika masa tuwo da miyar kuka ya cinye tas, yau shi ma yana son namijin gidan ya ɗanɗana abincin garinsu.

"Umma, haƙorina fa?"

"Ka ci da na baya, ya waladi. Baƙon Allah ya suɗe kwanona, kai ka ƙi nasa? Aib."

Dauda ya hau. Dattijon ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, ya sauko da wani baƙin burodi mai huda a tsakiya, wanda ya rataye da igiya a jikin ƙusa. Da gindin wuƙa ya fasa shi, ya yi ƙara kamar an fasa tukunya. Dauda ya tsoma nasa a shayi. Burodin ya shanye shayin, bai yi laushi ba. Ya tura shi can ƙuryar baki da yatsa, ya riƙa tauna a karkace kamar raƙumi. Ga tauri, ga tsami. Da ya haɗiye ya ce ɗayyib, wato da daɗi.

A Utaibiyya kowa ya san yabon abinci ladabi ne kawai, kuma daga shi sai wanke hannu. Alhaji Sabirjan bai san wannan ba. A garinsu in mutum ya ce abu da daɗi, to da daɗin ne. Ya fasa masa wani.

Bayan burodi aka buɗe gwangwanin ƙananan kifi da suka sha gishiri, suka kuma sha tafiyar jirgin ruwa. Dauda ya ga dabara: ya riƙa kama su ta wutsiya yana zura su maƙogwaro ba tauna. Ya bi su da ruwan tulu, tulun ya ƙare, aka jawo wani. Dattijon, da ɗan Larabcinsa na karatu, ya ce tun da ya baro gida ba wanda ya zauna ya ci da shi. Wasu Misirawa ma a jirgi da ya buɗe irin gwangwanin nan tashi suka yi. Yana faɗa idonsa na cikowa.

Dauda ya taɓa haƙori da harshe. Yana nan.

Daga ƙarshe dattijon ya fito da wata baƙar alewa da ya kira salmiyakki. Zafin Makka ya narkar da ita ta yi taushi. Dauda ya yi hamdala a zuci, ya jefa uku a baki lokaci ɗaya.

Ba alewa ba ce. Gishiri ne da kanwa da wani abu kamar maganin tari, suka bi ta hanci suka fito masa ta ido. Don firgita ya datse baki, alewar ta liƙe haƙoran sama da na ƙasa. Ya ja da ƙarfi. Bakin ya buɗe, amma ya ji iska na taɓa wurin da zinariyar take. Tana can cikin baƙin curin, a kan harshensa.

Abu ɗaya ya rage, ya tofar a tafin hannu ya tone. Ya dubi dattijon. Tsohon ya sunkuyo, hannu a ƙirji, yana jira ya ji ko yaron nan zai so abin da jikokinsa suke so.

Dauda ya rufe ido ya haɗiye.

"Ɗayyib," in ji shi, hawaye na zuba.

Dattijon ya rungume shi, ya danƙa masa gwangwanin alewar gaba ɗaya.

Da ya sauko, Rumasa'u ta sa ya buɗe baki. Ta duba, ta tambaye shi inda haƙorin yake. Ya nuna ciki.

"To ai bai ɓata ba," ta ce. "Mun san inda yake."

Ta juya ta ci gaba da zuba dambu a kwano, don baƙon da ya yi wa ɗanta irin wannan karamci ba za a bar shi haka ba, kuma baƙon ma zai rama gobe.

Abin da aka rasa a ranar: haƙorin zinariya ɗaya, ruwa tulu biyu, da dariyar da ba a yi wa Shatu ba.