Kwalba ta Uku

Kwalabe uku, kofi ɗaya, da ɗan littafin awon sukari. Su ke nan Nababa ya ɗauko daga ɗakinsa a unguwar Najma, yana tsaye cikin jirgin ƙasa, 'yan kallon ƙwallo na ihu a kansa har tashar Lusail.

Tun kullen korona yake haɗa zoɓo da jan inabi a ɗakinsa, yana gwada wannan da wancan. Cutar ta kama shi ta sake shi, amma ta tafi da hancinsa da harshensa, kuma bai faɗa wa kowa ba. Gobe yana da baƙi daga Kano, dole wani ya ɗanɗana masa.

Abokinsa Suraj mai gadi ya kurɓi ta farko a ɗakin hutun wurin aikinsa a can, ya ce citta ta yi yawa. Ta biyu ya kira ta ruwan wanki. Ta uku shinshinawa kawai ya yi.

"Kwananta nawa?"

"Wata biyu, a bayan kabad."

"Innalillahi! Malam, ai wannan giya ce. Ba ka ji ba?"

"Ita kaɗai nake ji a maƙogwaro," in ji Nababa. "Sati uku ina sha."

Suraj ya fara dariya, da ya dubi fuskarsa sai ya haɗiye ta.

Nababa ya shiga banɗaki ya tuttular da duka ukun. Ya fito, ya ja ƙofar.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "Na daina haɗawa."