Amsar da Akwatin Zai Ba Arvid

Minti ashirin Noreen Koskela take da su kafin mahaifinta Arvid ya gama kwashe dusar ƙanƙarar da ta taru a bakin gareji, ta kuwa riga ta cinye goma a durƙushe bayan kabad ɗin talabijin. Ɗan akwatin da ta taho da shi daga birnin Duluth, wanda bai fi sabulun wanka girma ba, ta jona shi da na'urar intanet ɗin gidan. Daga yau duk shafin da kwamfutar tsohon za ta buɗe, sai ta fara tambayar wannan akwati adireshinsa.

Shafi ɗaya tak take son toshewa. Wasu macuta ne ke sayar da maganin ɗigawa, wai yana wanke jijiyoyin zuciya, da sharaɗin mutum ya ajiye ƙwayoyin asibiti. Kwana tara ke nan Arvid bai sha nasa ba. Kwalbar ɗigon ta kusa ƙarewa, ya ce yau zai yi odar wata. Likitansa kuwa bai ɓoye mata ba, ya ce in aka ci gaba a haka kada ta yi mamakin komai.

Toshewar ba komai ba ce, aikinta ke nan a makarantun gundumarsu. Abin da ya tsayar da ita shi ne tambayar da ke kan allo: in an nemi sunan shafin, me akwatin zai ce? Yana iya yin gum, kwamfuta ta yi ta jira har ta gaji. To amma Arvid ba mai jira ba ne, mota zai tayar ya tafi laburaren gari a kan wannan santsi. Yana iya ba da adireshin banza, sifili huɗu, shafin ya fito fari fat. Yana iya fitowa fili ya ce an hana, har da sunan wanda ya hana. Ko kuma ya ce babu wannan suna a duniya.

Ta ji ƙarar shebur ta tsaya. Ta danna na ƙarshen. Kunya ta ji, don ba ta taɓa yi masa ƙarya mai girman wannan ba.

Ya shigo yana karkaɗe takalma, ya tsokane ta cewa 'yan birni hannunsu bai san shebur ba. Suka sha kofi suka ci kyafaffen kifi. Ta yi ta jan hira, kan maƙwabta, kan rufin da ke yoyo, shi kuwa yana gamawa ya ja kujera gaban kwamfuta ya maƙala tabarau.

Ya danna. Allon ya ce ba a sami shafin ba. Ya sake, haka. Noreen tana wanke kofi ɗaya sau uku, ta ce ba tare da ta juyo ba, ai irin waɗannan kamfanoni haka suke, yau suna nan gobe sun ɓace.

Sai ta ji yana buga haruffa a hankali da yatsa biyu, a nan ta san ta yi wauta. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu a kamfanin tarho, goman ƙarshe a kan layukan intanet, shi ta zo yi wa wayo. Ya buɗe baƙar tagar nan da ma'aikata ke rubuta wa kwamfuta umarni, yana tambayar sunan shafin da kansa. Daga nan ya ƙirƙiro wani sunan banza ya tambaya, ya gwada lokacin da amsoshin biyu suka ɗauka.

"Zo nan, 'yar nan," in ji shi.

Ta zo, hannunta a jiƙe.

"Wannan na ƙirƙira, babu shi. Sai da aka je aka tambayo kafin a ce min babu. Wancan kuwa ban ɗaga yatsa ba aka ce min babu. Wanda ya amsa min a cikin ɗakin nan yake."

"Baba, kwana tara ba ka sha magani ba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta ja kabad ɗin ta nuna masa. Ya daɗe yana kallon akwatin. Filogin yana kusa da ƙafarsa, in ya zare shi ke nan, ita kuma dole ta kama hanya kafin duhu, ba za ta sake zuwa ba sai bayan mako uku. Ta ce masa tsoro take ji. Ta ce ta roƙe shi a waya sau nawa yana kashewa, ba ta san abin da ya rage mata ba.

Ya tambaye ta amsa nawa abin yake iya bayarwa. Ta lissafa masa.

"Cikin huɗu kika zaɓi wadda za ta sa in ɗauka kaina ne ya fara juyewa," ya ce. "Ni da nake duba murhu sau biyu kafin in fita. In hana ni za ki yi, hana ni da sunanki."

Ta zauna ta canza amsar akwatin. Ya danna. Shafi ya fito da layi ɗaya: Noreen ce ta hana. Ya karanta shi a fili, kamar mai karanta takardar kotu.

Bai zare filogin ba. Ya tashi ya ɗauko kwalbar maganin asibitin, ya haɗiye ƙwaya ɗaya da sauran kofin da ya huce, a gabanta, don ta gani. Sannan ya ce mata hanya za ta yi santsi, gara ta tafi da wuri.

Ta ɗauki jakarta ta fita. Tun ranar da ta bar gida zuwa jami'a, duk sanyi duk ruwa, sai ya tsaya a bakin ƙofa har motarta ta sha kwana. Ta kunna mota ta bar ta tana ɗumi, ta jira minti biyar cur. Ƙofar ba ta buɗe ba.