Ƙunar Tasalla

"Ku ɗau Iklima, tawa ba ta ji komi ba," in ji Kaltume, tana tura maƙwabciyarta Inno cikin motar albasa mai shirin tafiya Jega.

Inno ba ta yi musu ba. Wa zai yi musu, 'yarsa na hannu bayanta ya saɓule? Wayar lantarkin da aka ja wa unguwarsu a Aliero bayan samun jiha ce ta tsinke, ta faɗa kan rumfar ajiyar albasa. Ciyawa ta kama, ƙaramar Iklima, 'yar Inno, tana ciki. Tasalla, 'yar Kaltume, wadda ko tallar fura ba ta daɗe da farawa ba, ta kutsa ta jawo ta, wajen fitowa ta ture wayar da hannu. Lantarki ya yi jifa da ita, ta tashi tana kakkaɓe zane. Ɗan tabo ne a tafin hannu, wani a diddige. Mata suka shafa mata ɗanyen ƙwai, aka yi ta barka. Mutanen da ba sa yarda da albasa sai sun latsa wuyanta, ranar nan da ido suka yi awo.

A asibiti Iklima ta cika ɗaki da ihu, amma kullum sauƙi take samu. Inno ta fara sakin jiki ke nan sai ga Kaltume ta shigo goye da Tasalla, fuska a kumbure.

"Hitsarinta ya koma kamar zoɓo, yanzu ma ya ɗauke," ta ce wa likita.

Ya daɗe yana duban tafin hannun. "Ƙunar wuta muna ganin iyakarta. Ta lantarki ciki take bi, ta dafa nama, dattin ya toshe ƙoda. Da ranar aka kawo ta…" Bai ƙarasa ba.

Ana neman motar Sakkwato, Tasalla ta ce a nuna mata Iklima. Inno ta ɗago ta.

"Ke, nauyi gare ki kamar buhu," Tasalla ta ce wa Iklima da ƙyar, har da murmushi. Motar ba ta same ta da rai ba.

Wurin zaman makoki Inno ta durƙusa gaban Kaltume. 

"Da ita anka ɗauka…"

"Kul, Inno. Ni nac ce a ɗau taki. Da ɗiyag ga ta tsaya kallo, da mi za ni tuna ta?"

Inno ta rasa abin da ake ba mutum a kan irin wannan. Da aka sallamo Iklima, sai ta aika wa Kaltume kwalbar man kaɗe, ta ce ita hannunta ba ya iya taɓa tabon. Ƙarya ce, kuma Kaltume ta sani.

Kowane hantsi Kaltume takan shigo, ta kwantar da yarinyar a cinya tana murza bayan a hankali. Iklima kan yi barci a nan. Inno sai ta ci gaba da tankaɗenta, ba ta zuwa ɗauka.