Irin Albasar Baba Mai Agogo

Fulas ɗin shayi, bargo, rediyo, tabarau, da ambulan ɗaya. Abin da ta ɗauko ke nan. Bas ta tsaya sau huɗu kafin asibiti, kuma duk tsayawa sai ta sa hannu cikin jaka ta taɓa ambulan ɗin.

Shekara tara ta yi a waje tana karatun aikin gona. Ran da ta dawo gidan uwarta, maƙwabcinsu, tsohon da ke gyaran agogo, ya leƙo ta kan katanga ya sa mata suna Likitar Gona. Sunan ya bi ta. Yana da lambu a bayan gida, fangali shida da famfo mai yoyo. Da ciwon ƙirji ya kayar da shi, ita ya miƙa wa mabuɗin lambun, ya ce ruwa kawai, safe da yamma.

Ita kuwa tana shiga ta ga aiki jibge. Zafi ya fara karyewa, lokacin shukar ƙarshe ke nan kafin sanyi, ga fangali cike da busasshen tumatir. Ta tuge shi, ta juya ƙasa, ta ja igiya ta shuka karas da latas da kabeji a layi. A kusurwa akwai albasa da ta yi kara har ƙugu, da fararen kawuna a sama. A manyan gonakin da ta yi koyo, albasar da ta yi fure asara ce, iri kuma a gwangwani yake zuwa. Ta tuge ta duka, ta zuba a ramin taki, ta rufe, ta ba shi ruwa. Har hoto ta ɗauka don ta nuna masa.

Ba ta kai ga nuna hoton ba. A ziyarar farko, tana zama gefen gadonsa ya tambaya ko kawunan albasar sun bushe. Ya ce ta yanko su ta murje masa irin, yana so ya gani. Albasar marigayiya matarsa ce, ja, ƙanana, ba ta ruɓewa a ajiye. Shekara talatin da ɗaya yana sabunta ta, don irin albasa ba ya wuce shekara yana da rai. Na bara ya ƙare. Abin da ke kusurwar nan shi ne duka.

Ta ce to.

Da ta koma ta tona ramin da hannunta, baƙar laka ta samu, mai wari. Sai ta je shago ta sayi iri. An shafe shi da jan magani, ta wanke shi sau uku, ta shanya a faranti, ta zuba a ambulan.

Ɗakin jinyar gado takwas ne, nasa na kusa da taga. Ya rame har agogonsa ya gangaro gwiwar hannu. Yau da ta iso da ambulan ɗin, ta gaishe shi, ta shimfiɗa masa bargon, ta zuba shayi. Ya yi ƙorafin cewa agogon bangon ɗakin ya yi baya da minti shida, kuma sun hana shi sukuddireba ya kwance ya gyara. Sannan ya buɗe tafin hannu.

Ta zuba masa irin. Bai ko nemi tabarau ba. Ya murza da babban yatsa, ya kai hanci, ya hura a hankali. Babu abin da ya tashi.

"Irin da aka murje da hannu, da ƙaiƙayi yake zuwa, Likita."

"Na sheƙe shi ne, Baba."

"Da sabulu?"

Mai jinyar gadon kusa ta juya musu baya, ta shiga ninke tawul.

"Tugewa kika yi?"

"E."

"Duka?"

"Duka."

Ya mayar da irin cikin ambulan ƙwaya ƙwaya, bai zubar da ko ɗaya ba, ya miƙa mata. Ya ce ta shuka abinta, albasa ce ita ma, za a ci. Ta fara bayanin yadda ake yi a can inda ta yi karatu, ya ɗaga hannu.

"Ruwa na ce miki, 'yata. Shekara tara ba su koya miki ruwa ba?"

Ya juya fuska wajen taga. Ta zauna har lokacin ziyara ya ƙare, shayin ya huce. Kwana biyu bayan nan ya cika da hantsi, tana lambun tana ba kabeji ruwa.

Mako bai zagayo ba babban ɗansa ya zo da magini da tef ɗin awo. Ya same ta a ƙofar lambun, ya yi mata godiyar ɗawainiya, ya yaba layin karas, sannan ya nemi mabuɗi. Siminti za a zuba, motarsa ba ta da wurin kwana. Ta roƙe shi ya bari sanyi ya wuce. Ya yi dariya, ya ce ban ruwa aka ba ta, ba gado ba.

Ta shige ta bar shi tsaye. A kusurwar da ta tuge albasar ta durƙusa. Wasu kawunan sun fara tsagewa ran da ta fizge su, ta tuna. Yanzu ga wasu korayen zarurruka sun huda ƙasa, goma sha wani abu, sirara kamar gashi. Ko albasa ce, ko ciyawa. Ta daɗe tana dubawa, ba ta iya rantsewa ba.

Ta fito, ta ja ƙofar, ta danna kwaɗo, ta sa mabuɗin a aljihu.

"Sai dai ka ɓalle ta, Yaya. Ba mai shiga nan sai na san abin da ya tsiro."

A ciki famfon yana ɗiga.